Tsutsa Mai Rassa a Ɗakin Inna

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwana uku ke nan Yaya ba ta buɗe ido ba. Minti goma ake ba ni in gan ta da safe, minti goma da yamma, sauran yinin kuwa ina kan bencin barandar asibiti kamar kayan da aka manta. Yau nas mai tabarau ta miƙo mini jakar Yaya, ta ce, "Baiwar Allah, je ki gida ki watsa ruwa. Zamanki a nan ba ya ƙara mata komai."  Ina buɗe jakar na ga mabuɗin gidan, sai na tuna. Halittun tekun da take kiwo. Ba wanda ya leƙa su tun ranar Asabar.

Ga ni a ɗakin Inna, ni da na rantse ba zan ƙara taka shi ba. Inda gadon Inna yake a da, yanzu tankin gilashi ne, tsawonsa ya kai teburin da nake yanka yadi a kai. Famfon tura ruwa na ta gurnani a ƙasa, fitila shuɗiya a sama, inuwar ruwa na rawa a jikin bango. Warin teku ya cinye ƙamshin Inna tas.

Shekara ashirin da biyu Yaya na aiki a cibiyar binciken halittun teku. Ni kuwa ɗinki na sani, ban san komai ba game da abin da ke numfashi cikin ruwa. Amma na samu wani littafi nata a kan tebur, a shafin farko ta rubuta "Idan ba na nan", ta jera: a duba famfo, a auna gishiri da sandar gilashin nan, a ƙara ruwa daga jarka mai shuɗin murfi, a ɗiga wa Kwando abincinsa cokali ɗaya, a zuƙe dattin ƙasa da tiyo kowace safiya. Dogo, abokin aikinta, shi ya kamata ya yi, amma yana cikin jirgi a tsakiyar teku sai nan da mako biyu, wayarsa ba ta shiga.

Na yi duk yadda ta ce. Ina rubuta wannan a bayan littafin awon masu kawo mini ɗinki, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ba za su mutu a hannuna ba kafin ta tashi.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Su biyu ne ashe. Jiya na zaci duk tarkace ne.

Kwando shi ne abin da ke dunƙule a kan dutse, kamar zaren da yara suka cukurkuɗa suka yar. Littafin ya ce ɗan'uwan tauraron teku ne, hannuwa biyar gare shi. Ni dai ban ga ko ɗaya ba. Na ɗiga masa abincinsa, ko gaisuwa bai yi mini ba.

Ɗayar kuwa ba a ganin ta sai an sunkuya. Akwai soson teku a tsakiyar tankin, girmansa kamar dunƙulen hannuna biyu, duk jikinsa ƙofofi. Da na ɗauki gilashin ƙara girma na Yaya, sai na ga fararen zarurruka sun leƙo daga ƙofofin, kowanne yana motsi a hankali, yana lalube. Na ce tsutsotsi ne suka cika shi. Littafin ya ce a'a, tsutsa ɗaya ce tal. Kanta yana can ƙuryar soson, Yaya ma ba ta taɓa ganin sa ba, don sai an yanka soson kafin a kai gare shi, in kuwa an yanka shi ke nan. Daga kan nan jikin ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka haka, har hanjin ma yana rabuwa tare da shi, ta bi duk lungunan soson ta cika su. Yaya ta ƙirga wutsiyoyin da suka leƙo waje: ɗari uku da goma sha biyu. Baki ɗaya, wutsiya ɗari uku da sha biyu, kuma har yau ba wanda ya san abin da take ci.

Ikon Allah. Ni da ƙafa biyu rak ma, kwanakin nan ban san inda zan ajiye su ba.

Na zuƙe dattin, na goge gilashin ciki da waje, na share ɗakin har ƙarƙashin tebur. Tun muna yara Yaya ke kirana Tsintsiya, wai ba na iya ganin abu a ƙasa in bar shi. Ita kuwa kofin shayi uku na samu a bayan jarkoki, ɗaya har ya yi gashi.

Littafin nata kullum ta rubuta wani abu a ciki, da rana da lokaci. Ina karanta shafi uku ko huɗu daga farko. Bironta na nan a cikin shafin da ta tsaya. Can ban kai ba, kuma ba na sauri.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ba canji. Gishiri daidai.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Da safe likita ya kira ni, ya ɗaga hoton kan Yaya a jikin haske. Ya nuna mini hanyoyin jini, babbar ta rabu biyu, kowace ta sake rabuwa, har suka zama sirara kamar gashi. Ya sa bakin biro a kan wani reshe, ya ce, "Nan ne ya toshe." Ya yi ta bayani, ni kuwa ina ta kallon gefen da ya yi duhu. Na tambaye shi ko da an kawo ta da wuri da abin bai kai haka ba. Ya dube ni, ya ce, "Yanzu mu duba abin da ke gabanmu." Ban sake tambaya ba.

Na dawo da ciwon kai, na ja labulen ɗakin Inna, na kashe fitilar tanki, na kwanta a ƙasa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka ɗakin ya yi dishi-dishi, famfo na gurnani, sai na ga wani abu ya cika rabin tankin. Kwando ne ya buɗe.

Na daɗe ban motsa ba. Hannuwa biyar ɗin na gan su yau. Kowanne ya fito daga tsakiya ya rabu biyu, ya sake rabuwa, ya sake, na bi ɗaya da ido na ƙirga rabuwa tara kafin na ɓata. Bakin kowane reshe yana naɗewa yana warwarewa cikin ruwan da famfo ke turowa. Shekara ashirin ina aikin ado a wuyan riga, ban taɓa fitar da abu mai kyaun wannan ba. Na ji kamar ni ma ina cikin ruwan, ba nauyi a jikina, ba asibiti, ba waya.

Sai na yi wauta, na ɗaga labule don in gan shi da kyau. Yana jin haske ya fara tattara kansa, reshe bayan reshe, har ya koma dunƙulen nan. Haka hannun Yaya na dama yake a kan zanen gado. Jiya na gwada buɗe mata yatsun, nas ta ce in bari.

Asabar, ƙarfe biyu da rabi na rana

Mako guda da faɗuwar Yaya.

Baban yara ya ɗauki wayata zai duba lokaci, ya ce, "Har yanzu ba ki goge waɗannan ba?" Na ce ya ajiye mini abata. Ya ajiye nan take, mutumin kirki ne, abin har haushi yake ba ni.

Kira uku ne daga Yaya da ban ɗauka ba. Biyu da minti goma. Biyu da sha huɗu. Biyu da talatin da ɗaya.

Maƙwabciya ce ta samu Yaya a ƙasa, wajen ƙarfe huɗu, da ta shigo aron tsani.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Yau na samu wasu 'yan abubuwa suna yawo a cikin ruwan. Guda uku, ba su kai tsawon farce ba, launinsu ya ɗan yi ja-ja, suna ta wutsil-wutsil daga wannan bango zuwa wancan kamar an koro su. Da farko na ce ƙwari ne suka biyo ruwan jarka. Da na sunkuya da gilashi sai na ga irin jikin tsutsar ne. Guntayenta ne suka tsinke.

Raina ya ɓaci. Duk wanda ya san ɗinki ya san zare in ya fara fita, in ba a tsince shi ba sai ya ja ɗan'uwansa. Kuma guntun da ya tsinke ruɓewa zai yi ya ɓata mata ruwa. Na bi su da tiyo, sun ba ni wahala ƙwarai, na ukun sai da na jiƙa hannun rigata har kafaɗa. Na zubar da bokitin a makwarara, na wanke shi da sabulu. Tankin ya yi fes.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Biyu kuma. Na zuƙe.

Wasu wutsiyoyin sun kumbura a baki, sun canja launi. Warwarewa take yi a hannuna. Na auna gishiri sau huɗu, daidai yake. Na sake kiran Dogo, ba ya shiga. Na ciro ƙaramin almakashina daga jaka da nufin in datse masu kumburin kafin cutar ta bi reshe ta kai ga kan. Na sa hannu har cikin ruwan, amma zarurrukan suka yi ta lalube a kusa da yatsuna, sai na kasa. Na mayar da almakashin, na zauna a ƙasa na yi kuka, ni da ban yi kuka a asibiti ba.

A littafin na kai wata na biyu. Yawanci lambobi ne da zane-zane, amma a wani gefen shafi ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Yanzu ina iya zama a ɗakin nan. Akwai mai numfashi a ciki." Shekara biyu Yaya ta yi tana kwana a ƙasa gefen gadon Inna, tana sauraron numfashinta. Ni ina zuwa ranar Lahadi da wankakkun zannuwa. Na rufe littafin a nan.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ta buɗe ido.

Ina shiga na gan su a buɗe, na matsa bakin gadon. Na ce, "Yaya, ni ce." Idon ya zo kaina, ya ɗan tsaya, ya wuce zuwa bango. Bakinta ya karkace gefe ɗaya. Sai na ji kaina ina cewa, "Halittunki suna nan lafiya. Na gyara tankin, ba ki taɓa ganin sa da tsafta haka ba." Ta lumshe ido.

Da safe ɗaya na zuƙe.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na sake yin barcin rana a ɗakin. Na yi mafarki ina tafiya a barandar asibiti, sai barandar ta rabu biyu, na bi dama, ta sake rabuwa, bangon duk laushi da danshi. Na san Inna tana can ciki, a ƙurya, don ina jin tarinta. Duk ƙofar da na leƙa sai in ga ƙafafun wani namu sun leƙo, na Kawu, na 'ya'yana, na Yaya da tsohon silifas ɗinta, kowa yana ɗan motsi. Ba tsoro a mafarkin. Ina ta tafiya ne kawai, da tsintsiya a hannuna, ina neman inda aka fara. Da na farka kumatuna ya yi shaidar tabarma, Kwando a buɗe, na yi kwance ina kallon sa har aka kusa rufe lokacin ziyara.

An mayar da Yaya babban ɗaki, yanzu ana bari in zauna. Wata matashiya mai koya wa marasa lafiya magana ta zo, ta ɗaga kofi ta ce, "Mene ne wannan?" Leɓen Yaya ya motsa, ba abin da ya fito. Ta ɗaga cokali, haka. Sannan ta dafa kafaɗata, ta ce, "To wannan fa, wace ce?"

Yaya ta juya fuskarta bango.

A waje matashiyar ta ce kada in damu, kalmomin suna nan, hanyar fitowarsu ce ta toshe, wasu sukan dawo, wasu ba sa dawowa. Na ce na gode. Kofi da cokali dai ta yi ƙoƙari a kansu. Ni ko ƙoƙarin ba ta yi ba, kuma na san dalili.

Huɗu yau da safe. Hannuna ya saba, ba su ƙara jiƙa mini riga ba.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Ɗaya.

Bari in rubuta, ko na huta. Alhamis irin ta yau, mako biyu da suka wuce, na zo ɗaukar bargon Inna in gyara masa baki. Tun rasuwarta ban buɗe ƙofar nan ba. Na buɗe na ga tanki. Gadon an kwance shi, an jingine a ɗakin ajiya tare da tsofaffin tayoyi. Yaya ta biyo ni tana cewa shi ne ɗakin da ya fi sanyi, rana ba ta shigowa, famfon cibiyarsu ne ya lalace shi ya sa ta kawo su gida. Ban bari ta gama ba. Na ce ta mayar da ɗakin uwarmu gidan tsutsa. Na ce tun asali ta fi son abin da ba ya magana. Na ce, "Ranar da kika faɗi, sai ki kira tsutsar ta ɗaga ki."

Haka na ce. Na ɗauki bargon na fita.

Ranar Asabar ina yanka leshi, wayar tana kan tebur, fuskarta a sama.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Dogo ya kira. Jirginsu ya shigo wata tasha, ya samu saƙonnina gaba ɗaya. Ya daɗe yana tambayar jikin Malama, haka yake kiran Yaya. Sannan ya ce, "Anti, halittun fa?"

Na ce Kwando lafiya lau, amma tsutsar ba ta da lafiya, wutsiyoyinta na kumbura suna tsinkewa.

Ya ce, "Sun fara fita? Alhamdu lillahi. Guda nawa? A ina kika sa su?"

Na ce, "Su wa?"

Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa yaro. Wai ba cuta ba ce. In lokacin haihuwarta ya yi, kan ba ya barin soson. Bakin wutsiya ne ke kumbura, ya tsiro idanu da 'yar ƙwaƙwalwa tasa, ya cika da ƙwai, sannan ya tsinke ya yi iyo ya tafi neman abokin haɗuwa. Abin da Malama ke jira ke nan wata bakwai. Ba a taɓa ganin irin wannan tsutsar ta yi haka a tanki ba, ita kuma shekara tara tana son ta gani da idonta.

"Anti? Kina ji na?"

Na ce, "Goma sha ɗaya ne. Na zubar a makwarara."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini. Sai ya ce, "Ai na ɗauka ta rubuta. Ba ta barin komai ba ta rubuta ba. Kin duba shafin ƙarshe?"

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Na cire biron. Ga abin da ke shafin, na kwafe shi yadda yake.

"Asabar, 2:05. Idanu! Wutsiyar da ke gefen dutse ta yi idanu huɗu, jajaye, ƙanana. Akwai wasu goma sha ɗaya ko sha biyu a hanya. Daga yau kada a zuƙe komai. Duk abin da aka ga yana iyo a kwashe da kofi a sa a kwalba.

"2:10. Na kira Tsintsiya ta zo ta gani. Ba ta ɗauka ba.

"2:14. Na sake kira. Har yanzu fushi take. In ta ga wannan za ta huce, ita da son ƙananan abubuwa masu kyau. Zan ba ta minti goma sha biyar. Kaina na ɗan sara, murna ce."

Daga nan ba komai, sai wani layi da biron ya ja zuwa ƙasan shafin.

Kwana goma sha uku ina ɗauke da kira uku a ƙirjina, ina jin muryarta tana neman in zo in ɗaga ta. Ashe biyu na murna ne. Ban san ko sauƙi na ji ba ko ƙarin nauyi. Na ukun babu shi a littafin.

Da na buɗe shafin nan tun ranar farko, da yanzu kwalabe goma sha ɗaya ne a jere a kan teburin nan.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Ban zuƙe ba. Na naɗe tiyon na kai shi ɗakin ajiya, na ɗora a kan gadon Inna. Ba abin da ke iyo.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Ba abin da ke iyo. Datti ya fara taruwa a kusurwa, ina kallon sa yana kallo na. Na zauna a kan hannuwana.

Na ba Yaya ruwa da cokali, ta sha. Ba ta dube ni ba, ni ma ban iya duban ta ba.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Dogo ya iso, ko gida bai biya ba, jakarsa na warin kifi. Sai da ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar. Ya ɗauki gilashi ya zagaye tankin a durƙushe, ya fi rabin awa, ni ina tsaye a bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci.

Ya ce, "Zo ki gani, Anti."

A bayan soson, can ƙasa inda ba na dubawa, akwai guda ɗaya da ta kumbura. Ya riƙe mini gilashin. Na ga ɗigo huɗu jajaye a daidai inda kumburin ya fara. Sau goma sha ɗaya irin idanun nan suka bi ta tiyona ban tsaya na duba ba.

Na ce, "Ita ke nan?"

Ya ce, "Ita ke nan a wannan karon. Ko za ta sake, Allah ne masani. In ta fita ba ta cin abinci, kwana ɗaya ko biyu za ta yi ta iyo, tun da ba abokin haɗuwa a nan, sai ta mutu." Ya ce zai kawo na'urar ɗaukar hoto daga cibiya ya kafa. Na ce ya kafa abin da ya ga dama, amma in ta fita, awa biyun farko nawa ne. Ya dubi fuskata, ya ce to.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Kwana biyu ina zaune gaban gilashi da kofi a hannu. Masu ɗinki sun kira har sun gaji. Baban yara ya kawo mini abinci, ya leƙa tankin, ya ce, "Wannan ɗin ce ta hana ki zuwa gida? Ai ko a miya na gan ta ba zan tsaya cirewa ba." Na yi dariya, karo na farko tun ranar.

Da labule a ja, lokaci ba ya tafiya a ɗakin nan. Kwando ya buɗe ya rufe, ya buɗe. Wutsiyoyi ɗari uku suna ta lalube, ba wadda ta san abin da 'yar'uwarta ke yi, kuma duk jiki ɗaya ne. Wani lokaci nakan ji kamar numfashin Inna ne, sai in tuna famfo ne. Ba ya ba ni haushi yanzu.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ƙarfe tara da 'yan mintuna ta fara girgiza, ta yi ta murɗawa, sai kawai ta saki ta tashi sama. Na bi ta da kofi, ba da tiyo ba, a karo na huɗu ta shiga. Na juye a kwalba da ruwan tankin, na naɗe da ragowar baƙin yadi, na rungume a mota har asibiti, duk ramin da direba ya faɗa sai na harare shi.

Nas mai tabarau ta ce, "Ba a shigo da abinci yanzu." Na ce ba abinci ba ne. Ta ɗaga yadin ta leƙa, ta dube ni, ta ce ita dai ba ta ga komai ba.

Na ja labulen da ke kewaye da gadon, hasken ya ragu. Na ɗaga kan gadon. Na ajiye kwalbar a kan teburin cin abinci daidai fuskarta, na cire yadin, na riƙe gilashin ƙara girma a tsakani. 

Idon Yaya yana bango. Can sai motsin ya jawo shi. Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, idonta na bin 'yar abar daga wannan gefe zuwa wancan, numfashinta ya canja. Hannun hagu ya taso daga zane ya dafa kwalbar. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace.

Sai ta ɗago ta dube ni, sosai, karo na farko. Ta dubi kwalbar, ta sake duba na, ta ɗaga gira ɗaya. Na san tambayar. Ita da ta ƙirga wutsiya ɗari uku da sha biyu ba za ta manta sha biyu ba.

Na ce, "Saura na zubar, Yaya. Goma sha ɗaya. Na ɗauka datti ne, na zuƙe su da tiyo, na wanke bokitin da sabulu. Ban karanta shafinki ba sai da aka gama, don ina tsoron ranar." Tun da bakin ya buɗe sai na ƙarasa. "Kuma ranar Asabar ina ganin kiranki. Duka ukun. Wayar tana gabana. Abin da na faɗa miki a ɗakin Inna kuma, ban san inda zan kai shi ba."

Ba ta juya bango ba. Bakinta ya fara aiki, leɓen ya ja gefe, harshen ya ƙi, wuyanta har ya yi jijiya. Na ce ta bari, kada ta wahalar da kanta. Ta harare ni da ido ɗaya, hararar da na sani tun ina 'yar shekara biyar, na yi shiru.

"Tsin," ta ce. Ta huta. "Tsin...tsiya."

Wani sauti ya biyo baya, na tsorata na zaci shaƙewa ce, ashe dariya take da rabin baki. Na kifa kaina a gefen gadon ina kuka, ita kuwa ta sa hannun hagu ta ƙwanƙwasa mini kai, ta nuna kwalbar da haɓa. Ashe na kauce da gilashin, ba ta gani da kyau.

Na gyara. Na riƙe mata har hannuna ya sage, na sauya hannu, har Dogo ya zo karɓar kwalbar.

Ban tambaye ta kira na uku ba. In kalmomin sun dawo ta ga dama ta faɗa, zan tsaya in ji.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Gishiri daidai. Kofin shayina na jiya yana bayan jarka, na gan shi, na bar shi a nan.